Bini-da-zugun Baba Tanimu

Shekarar da suka zo Shika a farar mota
suka ce shingen da muke tare awaki da shi
shi ne rijiyar man gobe,
Baba Tanimu ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Bini-da-zugu? Wanda ko tunkiya ba ta lasa?"
Amma ya miƙa hannu, ya karɓi iri.

Ya kori dawa daga kadada biyu,
ya jera dashe kamar sahun Juma'a.
Aka ba shi kati mai hoto da lamba,
aka ce injin matsa yana hanya, a Dakace zai zauna,
motocin Kwangila zuwa Sabon Gari
da gumin gonarsa za su riƙa gudu,
hayaƙinsu ba zai sa jariri tari ba.

Damina uku yana jira.
'Ya'yan suka nuna, suka yi baƙi, suka tsage.
Buhu goma sha ɗaya a zaure,
Inna Ladidi sai ta karkata take wucewa.

Sai rediyo ta ce an yi doka,
dokar yanayi, mai shafi ɗari da ɗoriya.
Wani layi a ciki, siriri kamar zaren gizo,
ya ce gonar da ta taɓa ciyar da baki
ba za ta ciyar da tanki ba.
Tallafi ya naɗe tabarmarsa,
ya koma wajen motocin lantarki,
a garin da wuta ke zuwa kamar baƙon kunya.

Ni na kai shi ofis a Samaru, a kekena mai ƙafa uku.
An sake allon ƙofa, fentin bai ma bushe ba.
Yaron da ke ciki ya juya katin gaba da baya:
"Baba, wannan shirin tsohon yayi ne."
Baba ya ce, "Itacen bai sani ba, ɗana.
Har yanzu haihuwa yake."

A hanya na zagi dokar, ya ce in yi shiru.
"Ka ga Kubanni bana? Ka ga yadda shuka ta ƙone sau biyu?
Sama ba ta da lafiya, ba ƙarya suka yi ba.
Kuma dawar da na kora, ni ma na ji rashinta.
Abu ɗaya ne: mai sauya hanya
ya kan waiwayi wanda ya aika gaba."

Yanzu Inna na dafa sabulu da buhunan,
ana saye a Tudun Wada, ƙwallo ƙwallo.
Ni kuwa ina layin mai tun asuba, mutum arba'in a gabana.
Da dare, in an ɗauke wuta,
Baba kan tsire 'ya'yan a tsinke, ya ƙyasta ashana.
Suna ci, shuɗi-shuɗi, ba gardama.
Ya ɗaga ya haska fuskata:
"To, ga man gwamnati. Kawo tuwon."