Tabon Manja a Shafi na Tara

A rumfar Baba Jatau, bayan Kasuwar Barci,
na tsince ta ƙarƙashin tsofaffin kalandu:
'yar ƙasida, shafi goma sha shida,
kan yadda ake ginin rijiya.
Wayar tsakiyarta duk ta ci tsatsa.

Na ce, "Baba, irinta nawa suka saura?"

Ya ce, "Ɗari biyar aka buga.
Ina yaron maɗaba'a, ni na ɗaure su.
Ba gara rabonta, ɗari biyu.
Masu ƙosan Tudun Wada sun naɗe ɗari.
Shekarar da kogi ya hau gidaje,
wa ya tsaya ceton takarda?
Sai magada: a raba gona, a ƙona tarkace.

Wannan duk kintace ne.
Shekara talatin, sau huɗu ta zo hannuna,
sau uku da tabon manjan nan.
Masuncin da ya kama kifi guda sau uku
ya san abin da ya rage a tafki."

Na tambayi kuɗinta.
"Kawo abin da ya sawwaƙa.
'Ya'yanka za su maido ta,
ai ta san hanya."