Gadin Dare a Tekun Chiloé

Ƙarfe uku na dare. Shayina ya huce.
Duk bayan daƙiƙa ashirin jirgin ya yi tari,
bindigar iska ta ƙwanƙwasa ƙofar ƙasan teku,
mu kuwa mu kasa kunne
da igiya mai tsawon kilomita shida
da muke ja a baya kamar wutsiya.

Amsa tana dawowa a makare,
layi bisa layi a kan allo:
laka, yashi, laka kuma,
shekaru dubbai a ninke kamar tufafi a ƙasan akwati.

Anselmo ya ɗora yatsa a gilashin,
yatsan da inji ya cinye rabinsa a Talcahuano.
Ga ta nan, Rayén, in ji shi.
Layin da ya ƙi bin sahun 'yan'uwansa,
ya ratsa su a karkace,
yana kwaikwayon shimfiɗar teku
yadda yaro ke kwaikwayon tafiyar ubansa.
Sama da shi ƙanƙara ce, ta rufe gas a cikinta.
Ƙasa da shi ɗumi ya hana ta kwana.

Na taɓa riƙe guntunta:
fara sol, tana tsuwa a tafin hannu.
Aka kyasta mata ashana,
ta kama da wuta, ruwa na ɗiga ta tsakanin yatsuna.

Ita suka aiko mu nema.
Ni idona ya gangara can ƙasa,
inda layuka suka karye, suka hau kan juna,
inda faifan ƙasa ɗaya ke cusa kai ƙarƙashin ɗaya
a hankali, kamar tsirowar farce,
yana tara bashin da ba a yafewa.

Kakata Eduvina ta ga ranar biya.
Shekarar sittin, ga Mayu, da rana tsaka.
Ta ce teku ta ja da baya har kifi na tsalle a fili,
kakana ya ruga ya kwance kwalekwalensa.
Ita ta hau tudu da goyo da tukunya ɗaya.
Har ta rasu ba ta zauna tana fuskantar ruwa ba.

Na auna tsagar, na ba ta lamba.
Babu gurbin suna a takardar.

Gari na wayewa mai duba ruwa ya yi kira daga sama:
wata ƙatuwar dabbar teku da ɗanta,
suna fesa numfashi a hagunmu.
Aka kashe bindigar.

Shiru ya faɗo mana kamar bargo jiƙaƙƙe.
Anselmo ya fita shan taba.
Allon ya ci gaba da tafiya, fari fat,
minti arba'in ba a tambayi ƙasa komai ba,
ita ma ba ta ce uffan ba.

Na ɗora wani ruwan shayin.