Littafin Sista Lantana

Shekara guda da 'yan watanni da rantsuwata
aka turo ni Babura,
jaka ɗaya, abin sauraren ƙirji a wuya,
da 'yar kwamfutar da na saya da albashin fari.
Babban likita ya yi mini maraba ran Litinin,
ran Alhamis ya miƙo mini makullan ofis,
wai aiki ya kira shi Jidda.
Haka na zama shugaba,
yadda ɗan tsako kan gaji cara
in an yanka zakaran gida da salla.

Ɗakin kati na fara buɗewa.
Gara ta cinye shekara bakwai na ciwon mutane:
hawan jinin Malam Ɗanliti ya koma ƙasa,
cikin Kande na huɗu ba a san yadda ya ƙare ba.
Na rantse sai na kwashe garin nan cikin na'ura,
inda gara ba ta da haƙori.

Bayan zagayen dare sai in hau tankin ruwa,
can kaɗai sabis ke kamawa,
ina tura sunaye ɗaya bayan ɗaya
har masu gadi suka sa mini Likitan Sama.
Na kira taro, na haska zane a bango,
na zuba Turanci har maƙogwaro ya bushe.
Sista Lantana, shekara talatin a ɗakin haihuwa,
ta juya goro a baki, ta ce, "To, madalla,"
ta maƙale baƙin littafinta a hammata ta fita.

Sai wani dare na Agusta.
Kwana uku ana ruwa, rana ba ta leƙa sola ba,
batura sun mutu, kwamfuta ta rufe ido.
Aka shigo da Hansai a amalanke daga Kuzunzumi,
ta sauka lafiya, jini ya ƙi tsayawa,
kuma nata irin mai wuyar samu ne.
Jerin masu ba da jini,
wanda na yi wata biyu ina shigarwa,
ga shi a hannuna, bayan gilashi baƙi ƙirin.
Na danna. Na sake dannawa.
Fuskata kawai na gani.

Sista ko littafin ba ta buɗe ba.
"Tanimu mai faci, bayan tasha.
In ba ya nan, Ilu mai rake.
Shi yana tsoron allura,
a ce Lantana ce ta aiko,
ni na yanke masa cibiya."

Leda biyu.
Tocila a bakina, zare a hannuna,
ruwa na dukan kwano kamar yana bin mu bashi.
Da aka kira assalatu
Hansai ta buɗe ido ta nemi kunu.

Rana ta fito, batura suka farfaɗo.
Ban kira taro ba.
Na ɗauki kujera na kai ƙofar ɗakinta,
na ce, Sista, ki karanta, ni in rubuta.
Ta dube ni ta saman tabarau.
"Akwatin naka yana da gurbin mai tsoron allura?"
Na ce babu.
"Na wadda sai mijinta ya tafi kasuwa take iya zuwa awo fa?"
Babu.
"To, yi musu."

Wata uku ke nan muna yi,
ita da goro, ni da yatsu.
Kowane shafi muka shigar, sai ta sa in buga shi a takarda,
ta kulle a akwatin ƙarfe,
saboda Agusta na nan dawowa.

Jibi za ni Dutse, minti goma aka ba ni gaban daraktoci.
Na rage zanen, na rubuta: batura huɗu,
da kujera biyu a mota.
Ta ce za ta, in za a dawo da ita kafin la'asar:
cikin Kande na biyar ya shiga watansa.