Layi Biyu

Shekara goma sha ɗaya Barau na saɓa cinyar sa
daga kwatar Oko-Oba zuwa bakin titi,
ko ciwon kai ban taɓa ji ya ambata ba.
Ɗakinmu ɗaya a Agege, bayan layin dogo,
mu shida, tabarma biyar,
reza ɗaya a kan taga,
wanda ya riga tashi shi ya riga aski.

Da daminar bara idonsa ya koma ƙwaiduwa.
Muka ce shawara ce, muka jiƙa masa saiwa.
Ciki ya tashi kamar tulu, hannu ya rame,
Shekarau ya ce sammu ne, akwai mai baƙin ciki a kwata.
Likita a Ikeja ya daɗe yana duban takarda
kafin ya ce hanta ce, kuma ba yau ta fara ba.
Gara ta gama da azara, rufi yana tsaye.
Ya ce, da kun kawo shi tun yana lafiya.

Tun yana lafiya!
Wa ke biyan kuɗin danfo ya je ya ce ba abin da ke damuna?

Mun kai shi makwanci ranar Laraba, ana yayyafi.

Wata biyu baya, aka kafa rumfa a gindin gada.
Wata nas, Bolanle, Hausarta na ɗingishi amma tana isa,
ta ce yatsa kawai take so, ɗigo guda.
Muka jeru mu biyar kamar masu jiran albashi.

Nawa layi ɗaya. Ta ce riga-kafi, allura uku, kar ka tsallake.
Na Shekarau ɗaya. Na Mati ɗaya. Na Ɗanjuma ɗaya.
Na Gambo mai yankan farce biyu.
Ya cire hula, ya rasa inda zai ajiye ta.

Ta ce zauna, Malam, wannan ba likkafani ba ne.
Akwai awo na gaba, akwai magani in ta kama,
mun ga ɓarawon tun yana kan katanga.
Ku kuma kar ku ware masa kwano,
ba ta bin tuwo, ba ta bin musabaha.
Jini take bi, da allura, da shimfiɗar aure,
da uwa zuwa ɗa, ranar haihuwa.

Nan na tuna Ladidi, matar Barau, a Illela,
cikinta wata takwas.
Na ci bashin kati na kira ta daga kan gada,
ina ihu saboda ƙarar jirgi:
ki je a gwada ki, kuma ranar da ya faɗo
a yi masa allura kafin rana ta sake fitowa!

An yi masa. Sunan ubansa ya ci.

Gambo na nan, ya je Ikeja sau uku,
almakashinsa yanzu sai ya tafasa.
Jiya ma kwano ɗaya muka ci wake.
A kan taga reza biyar ce,
kowacce da zarenta, kala daban.