Wuƙa ta Huɗu

A Sheffield, ƙetaren kogin Don,
inda ruwan sama ba ya sallama,
akwai maƙera mai taga ɗaya.
Nan nake wasa ƙarfe, shekara bakwai ke nan.

Clifford ne mai wurin.
Wuƙa uku yake ƙerawa tun ba a haife ni ba:
ta nama, ta albasa, da 'yar ƙarama ta aljihu.
In ka nemi wata,
da haɓa zai nuna maka ƙofa.

Glenda, 'yarsa, ke riƙe da littafin kuɗi.
Ran wata Litinin ta manna takarda a bango,
daidai saman uwar maƙera:
ta cuku, ta burodi, ta kifi, ta tumatir,
ta ɓare kawa, ta masu kwana a daji,
na ƙirga har ashirin da biyu.
"Baba, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.
Haya ta hau, wuta ta hau.
Mutum ya leƙo, ya ga uku, ya ƙara gaba.
Kaifi ba ya biyan mai gida."

Tsoho bai ɗago ba.
"Ta naman nan shekara goma ta ci mini
kafin ta yarda ta zauna a hannu.
Sau ashirin da biyu nawa ke nan?
Ke ce mai lissafi."

Sai suka juyo kaina. "Tanimu fa?"
Na tuna kakana a rumfarsa:
lauje, fartanya, aska, ƙusa,
bai taɓa cewa ba ya yi ba.
Amma ya san gonar kowa,
ya san bahago, ya san mai ciwon baya.
Na ce taura biyu ba ta taunuwa,
ɗaya kuma ba ta ƙosarwa.
Glenda ta ce wannan ba amsa ba ce.
Da gaskiyarta.

Muka gwada ta kawa,
ni da ban taɓa sa kawa a baki ba.
Dozin muka aika wani gidan abinci a Whitby,
biyar suka dawo babu tsini,
a naɗe cikin jarida, ko wasiƙa babu.
Clifford bai ce uffan ba.
Shirunsa ya fi magagari ci.
A makon ne kuma takardar haya ta sake zuwa,
ita ma Glenda ba ta ce uffan ba.

Cikin hunturu, da rana tsaka,
na hango shi ya ba mu baya.
Yatsun sun kumbura, sun lanƙwashe kamar awartaki,
wuƙar da ya ƙera da kansa
tana zamewa a kan burodi.
Sau uku.
Ya ajiye ta, ya yaga da hannu.

Ban tafi gida da wuri ba ran nan.
Na sassaƙa ƙota mai kauri kamar wuyan taɓarya,
na karkata ƙarfen
don kada wuyan hannu ya sha wahala,
na bar ta kusa da kofin shayinsa.

Da safe ya juya ta, ya auna, ya yanka.
"Nauyin ya yi gaba da yawa," in ji shi,
ya miƙa hannu ga magagari.
Wata biyar muka yi a kanta.

Yanzu huɗu ne a bango.
Tsofaffi na hawo bas daga Rotherham
su riƙe ta, su yi shiru, su ciro kuɗi.
Glenda ta ja layi a kan "ta burodi",
ta ce takarda ta ci ɗaya.
Ya ce wannan ba ta taɓa shiga takardarta ba.

Sauran ashirin da ɗaya na nan,
hayaƙi ya fara cinye rubutun.
Hayar bara ba mu gama biya ba.
Jiya ta sake tayar da zancen ta biyar,
na ga za su juyo kaina,
sai na kunna injin wasa,
na sa ƙarfe ya yi ta ihu.