Ramukan Ƙusa Huɗu

Ranar da muka sa hannu
tafkin Superior ya daskare har gaɓa,
jiragen tama sun kwanta a tashar Duluth
kamar shanu masu tuƙa.
Mu bakwai ne a teburin.
Lauyansu ya zo daga Chicago da alƙalami bakwai,
kowa da nasa, kyauta,
kada wani ya jira wani har ya sake tunani.

Shafi ɗari biyu da sha ɗaya.
Ni da na shekara talatin ina farautar inuwa
wadda ba ta kai ƙwayar gero ba
a huhun mutum,
ban ga komai a takardar nan ba
sai jerin sifirin da ke gaban sunana.

Tsoho Lindqvist ne ya kafa wurin.
Gidansa ya jinginar ya sayi injin hoto na farko,
matarsa Solveig ke wanke fim a ɗakin duhu
har fatar yatsunta ta dare.
Ya koya mini abu ɗaya:
idan ka ga abin da ba ka so,
ɗauki waya, kira likitan da ya turo,
kada ka bar takarda ta faɗi abin da baki ya kamata ya faɗa.

Yanzu akwai ɗan agogo a kusurwar allona.
Kore idan na yi sauri.
Rawaya idan na tsaya.
Ja idan na yi abin da Lindqvist ya koya mini.
An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima;
to ga shi an kawo wa idon nawa mudu,
ana awo, ana sharewa da gefen hannu.

Hotunan dare kuwa sun daina kwana a garin.
Suna ƙetare teku kafin mai tarin ya gama ɗaura takalmi,
wani a inda rana take tsaka ya karanta su.
Ba na zarginsa. Idonsa garau ne.
Sai dai bai san Arvid Mäkelä ba,
bai san ya shekara ashirin da shida yana shaƙar ƙurar tama ba,
bai san tabon hagu tsoho ne,
na dama ne baƙo.

A kan Arvid na yi minti goma sha tara ranar Talata.
Agogon ya yi ja har ya gaji.

Pradnya ce ke hana ni barci.
Wata takwas ya rage ta zama mai hannun jari.
Shekara biyar tana ɗaukar daren Kirsimeti dominmu
a kan alkawarin da ba a rubuta ba.
Muka haye, muka janye tsanin.
Ba ta ce uffan ba.
Tana gaishe ni a bakin injin shayi
da ladabin da ya fi zagi zafi.

Kowa ya ci ladan kuturu, ai an san sauran.
Na biya bashin gida, na sayi ƙaramin kwalekwale,
ina kuma yin askin kullum, daga bakwai zuwa shida.

Jiya aka ce waɗanda suka saye mu sun sayar da mu
ga wasu, su ma da kuɗin wasu.
Na tambayi manaja wa ke da mu yanzu,
ta duba wayarta, ta ce za ta bincika.

An cire allon tagulla na bakin ƙofa
mai sunayenmu bakwai, da na Lindqvist a sama.
Sabon na roba ne, shuɗi, bai kai faɗin tsohon ba.
Ramukan ƙusa huɗu sun rage a bango,
biyu sama, biyu ƙasa, gefensu ya fara tsatsa.
Kullum da safe nakan tsaya in dube su
yadda na saba duban irinsu.
Na san sunan ciwon.
Ban san wa zan kira ba.