Maki Huɗu

Maki huɗu suka raba ni da Zariya.
Huɗu, Hansatu, yatsun hannu ban da babba.
Shekara tara ke nan ina kwance janareto a Tashar Dukku,
har yau in noti huɗu suka taru a tafina
sai wani abu ya tokare min maƙoshi.

Don haka matso, ara min kunnenki.
Ba karatu ya kayar da ni ba, agogo ne.
Na san amsar tambaya ta talatin da bakwai
kamar yadda na san hanyar Jekadafari,
amma na tsaya ja-in-ja da ta goma sha biyu
kamar mai cinikin akuya ranar kasuwa,
har allon ya ɗauke,
ya bar ni da amsa a baki.

Ke ba za a yi miki haka ba.
Ga agogon Baffa, na sa masa sabon batir.
Daga sallame asuba zuwa fitowar mai koko,
tambaya arba'in, minti talatin.
Wadda ta yi taurin kai, wuce ta,
ba gadon gidanmu ba ce.
Kya dawo mata in lokaci ya yi saura.

Tsofaffin tambayoyin nan na shekara goma
a Tsohuwar Kasuwa na samo su, wurin Gimba.
Sun sha manja, sun sha gumin wasu,
wani ma ya rubuta "Ya Allah Ka dube ni" a gefen lissafi.
Ki ce masa amin, ki juya shafi.

Duk Asabar ki je shagon Lamela a Pantami,
na biya mata har wata uku.
Hannunki ya saba da linzamin kwamfuta
kada ranar ya kama rawa kamar na mai masassara.

Kin tuna fushin da kika yi
da na tsayar da ke kwana uku a layi cikin rana?
Hansatu a takardar makaranta,
Hafsatu a katin ɗan ƙasa.
Harafi ɗaya ne, na sani.
Na ga wanda harafi ɗaya ya mayar gida da jakarsa.

Ranar da Kawu Bappayo ya shigo da baƙonsa,
mai ƙamshin turare, mai waya biyu,
ya ce yana da hanya, dubu ɗari uku a sa sunanki,
na ga Inna ta saci kallon keken ɗinkinta.
Na raka shi har bakin titi, na ce ya gaida gida.
Wanda ya shiga ta taga
ba ya daina waige in an taɓa ƙofa.

Kujerun likitanci kaɗan ne, masu nema kamar fari.
Da na ce ki bar wa kanki ƙofa ta biyu,
ko nan Tudun Wada, ko Kashere,
harara kika watsa min. Na karɓa.
Amma kin cike gurbin. Na duba.

Yau ga mu.
Na aro babur, na kawo ki tun duhu bai washe ba.
Ina gindin dogon yaro tare da iyayen wasu,
wannan da carbi, waccan da littafin addu'a a cinya,
ni da baƙin mai a ƙarƙashin farce.

Kin fito. Ban tambaye ki ba.
Kin hau baya, mun wuce shataletale shiru,
sai kika ɗaga murya saboda iska:
"Yaya, wata ta yi min gardama."
Na ce, "To?"
Kika ce, "Na wuce ta."

Sakamako sai an kwana biyu.
Na koma shago, na ɗaure noti huɗu a injin wani,
na ja igiya sau ɗaya,
ya tashi.